Ko Laifi Ne A Bi Bashi?

Hausawa su kan ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Gaskiya ne, gama ciniki ba ya tafiya sai da shi. Babban ɗan kasuwa a Kantin Kwari na Kano ya kan ba ƙarami atamfa bashi, shi kuwa ya kai ƙauye ya ba mata, su biya da kaka. Amma akwai tambayar da ta ke damun masu tsoron Allah da su ke ɗan ciniki: in na matsa wa maƙwabcina ya biya ni, na yi rashin tausayi ke nan?

Bari mu fara duban mai kaya. A ce mace tana sayar da gero, ribarta kashi ɗaya cikin goma. In wani ya ɗauki kwano ɗaya bai biya ba, sai ta sayar da kwano tara kafin ta mai da uwar kuɗinta. Sau da yawa jarin ma ba nata ba ne, bashi ta ɗauko, ana jiranta ran kasuwa. Wanda ya riƙe kuɗinta alhali yana da halin biya, abincin 'ya'yanta ya riƙe. Saboda haka kada ta ji kunyar tambaya. Kunya tana wajen wanda ya ke sake hanya in ya hango ta.

Amma bin bashi yana da iyaka. Shari'ar Musa, cikin Kubawar Shari'a sura 24, ta hana karɓar dutsen niƙa jingina, domin da shi gida ya ke ci. Ta hana mai bin bashi shiga ɗakin mutum ya ɗauko jingina, sai dai ya tsaya waje. Mayafin matalauci kuwa a mayar masa da faɗuwar rana. Watau kuɗinka ka ke bi, ran mutum da mutuncinsa ba su cikin lissafin. Wanda ya ɗauke keken ɗinkin tela, da me tela zai biya shi?

A zamaninmu an ƙetare wannan iyaka ƙwarai. Waɗansu masu ba da rance ta wayar hannu sun yi ta aika saƙo ga dangin mutum da abokansa suna ce da shi ɓarawo, har a 2022 hukumar kare masu sayayya ta Nijeriya ta kai samame ofisoshin waɗansunsu a Ikko. Waɗansu 'yan kasuwa kuma su kan sa a kulle wanda su ke bi, ko da shi ke Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda bashin ciniki kaɗai. Ga mai taurin kai akwai kotun ƙananan basusuka, wadda aka buɗe a Ikko a 2018, a Kano kuwa a 2019.

To, ya mai karatu, in za ka ba da bashi, rubuta shi, ku sa ranar biya gaban shaida. In ranar ta zo, tafi da kanka ka tambaya a keɓe. Ka bambanta wanda ya ƙi biya da wanda ya kasa. Wanda gonarsa ba ta yi ba, ƙara masa lokaci, ka karɓa kaɗan kaɗan, in kana da hali ka yafe masa. Kai kuwa da a ke bi, kada ka jira a zo ƙofarka. Tashi ka kai abin da ka samu, ka faɗi gaskiya game da saura.