DARIYA DA FARIN CIKI, KO ƊAYA NE?

Wani saurayi mai ilmin Turanci ya zo wurina a Miga da littafi a hannu, ransa a ɓace. Ya ce, "Malam, na sayi labarin babban mai ban dariya domin in koyi farin ciki, ga shi kuwa na sami makoki."

Littafin na Joseph Grimaldi ne, ɗan kama na birnin Landan. An haife shi a 1778, ya mutu a 1837, Charles Dickens kuwa ya gyara labarinsa aka buga a 1838. Dubban mutane sun yi dariya dominsa. Amma matarsa ta fari ta rasu da ƙuruciya, tsalle-tsalle ya karya masa jiki tun bai tsufa ba, ɗansa kuma ya riga shi mutuwa a 1832.

Ya ɗan'uwa, mutumin nan ya ruɗe ka ne? Ko kaɗan. Kai ne ka nemi ruwan sha a inda ba a haƙa rijiya ba. Dubi kogin Haɗeja. Da damina yakan malale fadama har ido bai ga iyaka ba, da rani kuwa ƙasa ta tsattsage. Haka dariya take: tana zuwa da yawa, ba ta daɗewa. Sulemanu ya riga ya koya mana wannan cikin Misalai 14:13.

Kada fa a ce dariya zunubi ce. Allah ne ya halicce ta, kuma wanda ya sa gajiyayye ya yi murmushi ya yi alheri. Amma ba ta gafarta zunubi, ba ta kuwa ta'azantar da mutum a bakin kabari. Manzo Bulus yana ɗaure cikin kurkuku sa'ad da ya rubuta wa Filibiyawa zancen farin ciki, gama nasa yana cikin Yesu Kristi, inda sarƙa ba ta kai.

Saboda haka, abu biyu ya wajaba a kanka. Na fari, ka bincika zuciyarka da dare, sa'ad da taro ya watse: me ya rage? Na biyu, ka tuna da wanda ya fi kowa raha a unguwarku. Wataƙila shi ne ya fi kowa nauyin zuciya, ba kuwa mai tambayarsa. Je ka gidansa, ka gaishe shi, ka zauna ka ji damuwarsa, ka yi masa addu'a.

Ubangiji ya ba mu farin cikin da rani ba ya ƙafar da shi. Amin.