Amanar Ido

A wata gasar ƙirƙira ta kwana biyu, mu uku muka haɗa wasan intanet da ake yi da motsin hannu, kyamara tana bin wurare 21 na hannu da MediaPipe ke ganewa. Abokina ya ce mu ajiye hotunan masu gwadawa don gyaran aikinmu, tunda kowa ya ba kyamara izini. Na ƙi.

Jama'a, wanda ya yi maka iso zuwa zaure bai ce ka leƙa cikin gida ba. Izinin wasa ya bayar, alhali a bayansa ga gadonsa, ga iyalinsa. Ƙetare iyakar izini cin amana ne.

Wasanmu ya yi ta kuskure, muka faɗi. Amma har yau ina tambayar kaina: da na tabbata hotunan za su ciyo mana gasar, zan ƙi?