Takardar da Ke Ƙarƙashin Kujera

Bari in kai ka wani gareji a Amurka, inda mutum yake tsugune a cikin tsohuwar mota ya cire kujerunta duka. Motar irin masu ƙarfin nan ce da aka yi yayinsu daga 1964, shekarar da Pontiac ya fito da GTO, har zuwa lokacin da tsadar man fetur ta 1973 ta rage musu kasuwa. Akwai Dodge Charger, da Chevrolet Chevelle SS, da Plymouth Barracuda, dukansu da manyan injina masu silinda takwas. Yau sun zama kayan tarihi, masu sha'awa suna nemansu ido rufe. A 2014 an yi gwanjon wata Plymouth Hemi Cuda ta 1971 mai buɗaɗɗen sama a birnin Siyatil a kan dala miliyan uku da rabi.

Kada ka ɗauka inji ne ya fi cinye lokacin mai gyaran nan. Cikin motar ne. Ledar kujera ta tsage, soson ciki ya zama gari, rana ta farfasa dashbod, robar bakin ƙofa ta bushe. Zai kwance kowane noti, ya sa a 'yar leda, ya rubuta inda ya fito. Zai yi watanni yana neman maɓallin rediyo guda ɗaya, ko hannun ɗaga gilashi na wannan shekarar daidai. Wani lokaci yakan dace da kayan da kamfani ya yi tun wancan zamani ba a taɓa amfani da su ba, har yanzu suna cikin kwalinsu. Sau da yawa kuwa sai dai ya sayi kwaikwayon da ake ƙerawa yau.

Idan ya yi sa'a, yayin da ya juya kujerar baya zai tarar da wata takarda da ta yi ja, a soke cikin wayoyin kujerar. Ma'aikatan masana'anta ne suka bar ta a can. A jikinta an rubuta da lambobi irin injin da aka sa wa motar, da launin fentinta, da irin kujerunta. Shekara hamsin mutane suna zama a kanta ba su sani ba. Ranar da aka buɗe, ita ce take faɗin ainihin yadda motar ta fito.

To, ga tambayar da nake so ka auna tare da ni: a ina gyara yake ƙarewa, ƙarya ta soma?

Sabunta abin da ya lalace ba laifi ba ne. Wanda ya sa sabuwar leda a kujera, ya ce sabuwa ce, ya yi aikin kirki, ya ceci abin da tsatsa za ta cinye. Amma duba wannan. Pontiac LeMans da GTO kusan jikinsu ɗaya ne, sai dai farashinsu a yau da nisa tsakani. Mai gyara yana iya samun LeMans da araha, ya sayo tambarin GTO da murfin inji da ƙananan kayan ado na ciki, ya ɗaura. Daga nesa ba mai bambanta su. Masu wannan sana'a ba su hana yin haka ba, muddin mutum ya faɗa a fili cewa kwaikwayo ce. Noti ɗaya ne, tambari ɗaya ne, hannu ɗaya ne ya ɗaura. Abin da ya raba mai gaskiya da macuci shi ne kalmar da ta fito daga bakinsa ranar ciniki, ko kuwa kalmar da ya haɗiye.

Wataƙila za ka ce, “Wa aka cuta? Mai saye yana murna, mota tana gudu.” Wannan magana tana da daɗin ji, amma ka bi ta a hankali. Mai sayen bai biya kuɗinsa domin gudu kaɗai ba. Ya biya domin tarihi, an kuwa ba shi tarihin da babu shi. Murnarsa tana tsaye a kan rashin saninsa, wato kullum sai mai sayarwa ya yi fatan kada idonsa ya buɗe. Duk ribar da ba za ta iya tsayawa ba sai ɗan'uwanka yana cikin duhu, ka sani ba taka ba ce.

Wani kuma zai ce, “Ai bai tambaye ni ba.” Nan ne yawancinmu muke tuntuɓe, domin ba mu faɗi ƙarya da baki ba. Ka tuna da ƙasan motar. Ruwa yakan shiga ta robar gilashi ya kwanta ƙarƙashin kafet, ƙarfe ya ruɓe. Gyaran gaskiya shi ne a yanke ruɓaɓɓen wurin a yi waldar sabon ƙarfe, aikin kwanaki ke nan. Gyaran gaggawa shi ne a shafe ramin da fila, a fesa baƙin fenti, a shimfiɗa sabon kafet mai ƙamshi. Mai saye ba zai tambaya ba, gama ba ya ganin wurin. Amma a kan wannan ƙarfen ne aka ɗaure kujera, can ne kuma 'ya'yansa za su sa ƙafa. Shirun mai gyara ya yi aikin da ƙarya take yi, har ya fi ta haɗari.

Ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. A motocin 1966, lambar jikin GTO ta gaske tana farawa da 242, ta LeMans da 237. Kayayyaki da yawa, kamar gilashi da kafireta, suna ɗauke da alamar lokacin da aka ƙera su, masana kuma suna dubawa ko ta dace da ranar da aka haɗa motar. Ƙaramin maganaɗisu ma ya isa: yana manne wa ƙarfe, amma inda fila ta yi kauri sai ya faɗi. Duk da haka, kada tsoron tonon asiri ya zama dalilinka. Wanda ya yi gaskiya don kada a kama shi, ranar da ya tabbata ba mai kama shi zai saki. Akwai masu gyaran da suke goge bayan dashbod su yi masa fenti, wurin da ba idon da zai sake gani in an rufe. Ba domin ciniki suke yi ba. Lamirinsu ne ba zai bar su su kwanta ba, sun san abin da ke can.

Kai ba ka da irin wannan mota, na sani. Amma kana da abin da kake rufewa da kafet. Tela ya san ɗinkin ciki, magini ya san yawan simintin da ya zuba a harsashi, mai awo ya san ƙasan buhu, mai riƙon kuɗin ƙungiya ya san shafin da ba a karanta wa jama'a ba. Wanda yake neman aure ma ya san abin da ya kamata ya faɗa tun kafin a sa rana.

Ba a ce sai ka zama marar tabo ba. Motar da aka ce, “Nan an yi walda, wannan sitiyarin ba nata ba ne,” tana da darajarta, mai ita kuma yana barci lafiya. Abin da ake nema a gare ka shi ne tambarin da ke gabanka ya dace da takardar da ke ƙarƙashin kujerarka.

Yau, kafin rana ta faɗi, ka tuna da mutum ɗaya wanda ya amince da kai a kan abin da ba ya iya gani. In akwai abin da ka rufe masa, je ka ɗaga kafet ɗin da hannunka, ka nuna masa.