Mai Gyaran Zarto Yana Da Rabo A Zunubin?

'Yan'uwa matasa, wani ɗalibinmu mai koyon kanikanci a Suame, Kumasi, ya tayar da tsohon zarton inji Stihl 070: ya wanke kafireta, ya sauya fulogi, ya wasa haƙoran sarƙa. Sai ya tambaye mu: in mai injin ya ɓarnata daji, laifin zai shafe shi?

A 1998 dokar Gana ta hana tsaga katakon sayarwa da irin wannan inji. Malamanmu na Malikiyya kuwa sun hana sayar da inabi ga wanda aka san giya zai matsa. Maganar tana kan sani. Manomin koko mai share gonarsa, a gyara masa. Wanda ya ƙi faɗin inda zai kai injin, mun ce wa yaron ya mayar masa da kuɗinsa.