Amanar Sitiyari: Alhakin Wa Ne?

Bismillahir Rahmanir Rahim. 'Yan'uwa, yawancin direbobin manyan motoci da ke lodi a birnin Katsina ba a makaranta suka koyi sana'arsu ba. A bisa hanya suka koya. Yaro yakan fara da wankin mota, da duba ruwan lagireto, da canjin taya, da sa weji idan an tsaya. Bayan shekaru maigidansa ya fara ba shi sitiyari. Wannan hanyar koyo ba ta da aibi, domin ba a koyon iyo a tudu.

Amma akwai tambaya mai nauyi. Mai koyon ɗinki in ya yi kuskure, yadi ya ɓata. Mai koyon tirela kuwa, allonsa shi ne hanyar da jama'a ke bi: 'yan kasuwar Charanchi, da 'yan makarantar Kankiya, da masu babur a Bichi, duk a kan hanyar Kano. Babu wanda ya nemi yardarsu. To, in aka yi hasarar rai, alhakin wa ne?

Tirela mai buhun siminti 600 tana ɗauke da tan 30. Irin wannan nauyi ba ya tsayawa nan take, kuma wanda ya dogara ga birki kaɗai a doguwar gangara, bai rage giya ba, birkin zai yi zafi ya ƙi kamawa. Wannan ilmi sai malami yana zaune kusa, idonsa biyu, ake samunsa. Abin baƙin ciki, sau da yawa maigida ba ya miƙa sitiyari sai cikin dare, sa'ad da barci ya rinjaye shi. Watau lokacin da yaro ya fi bukatar malami, shi ne lokacin da malamin ke minshari. Wannan ba koyarwa ba ce, sauke gajiya ce a kan rayukan bayin Allah.

Shari'a ba ta ɗauki kisan kuskure da wasa ba. A aya ta 92 ta Suratun Nisa'i an wajabta diyya da kaffara, har azumin wata biyu a jere ga wanda bai sami wuyan da zai 'yanta ba. Malaman fiƙihu kuma sun bambanta wanda ya aikata da hannunsa da wanda ya zama sanadi, suka ce mai sanadi ba ya kuɓuta in ya yi sakaci. Faɗin "ƙaddara ce" gaskiya ne, amma ba ya wanke mai sakaci.

An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988, kuma doka ta wajabta lasin. Amma lasin shaida ne, wanda ya saye shi ba tare da gwaji ba kuwa shaidar zur ya saya. Jami'i yana ganin takarda ne, maigida shi ya san hannun yaronsa.

Saboda haka, ya kai maigida, koyar da yaronka da rana, a hanyar da babu cinkoso, motar ba lodi tukuna, kana farke. In barci ya zo, ku tsaya ku kwana. Kada kuma ka danne shi shekara da shekaru don kana jin daɗin hidimarsa, wannan ma cin amana ne. Kai kuma yaro, faɗin "ban iya ba tukuna" ba abin kunya ba ne.

Allah Ya kiyashe mu ɗaukar alhakin rai, amin. Wassalamu alaikum.