Ganyen Magarya: Ina Albarkar Take?

A Kurmin Mashi, idan aka yi rasuwa, akan sa ganyen magarya cikin ruwan wankan gawa, domin Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya umurci a wanke 'yarsa da shi. Wanda aka yi wa sammu kuwa, akan daka masa ganye 7, a tofa Ayatul Kursiyyu. Can Indiya ma, mabiya addinin Hindu sukan miƙa wa Shiba ganyen bilwa, mai fitowa uku-uku, suna karanta baitocin yabo.

To, jama'a, a gare mu albarkar tana ga sunan Allah da niyyar bawa. Saboda haka, in wani ya tsawwala maka kuɗi wai ganyensa ya fi na kowa, ka tuna shi akuya ke ci a bayan gari.