Dariyar da Ke Ƙarewa da Jugum

Akwai wani irin littafi na gajerun labaru wanda mutum zai ɗauka don ya kashe zafin rana, ya yi ta ƙyalƙyala dariya shi kaɗai, amma kafin ya kai ƙarshen labari sai ya ga ya yi jugum, bai san sa'ad da dariyar ta tsere masa ba. Hausawa ba baƙin wannan abu ba ne. Tun da littafin farko na Magana Jari Ce ya fito a Zariya cikin 1937, masu karatu suka saba da akun nan mai zuba ban dariya dare bayan dare, alhali kuwa ran ɗan sarki yake tsarewa da surutun nasa. To, tambayar da ta kamata a yi ita ce, ya halatta mutum ya ji daɗi da wautar wani ko wahalarsa? Gama mafi yawan abin da ake wa dariya cikin irin waɗannan littattafai, in an duba, masifa ce ta faɗa wa wani bawan Allah.

Mai son amsa ya dubi wani likita na ƙasar Rasha, Anton Cekof, wanda aka haifa cikin 1860. Kakansa bawan gandu ne da ya fanshi kansa, ubansa kuwa ɗan tireda ne da ya karye. Tun yana makarantar likita a Mosko yake sayar wa jaridun barkwanci 'yan labaru don ya ci da gidansu. Cikin 1886 aka tara waɗansu aka buga littafi guda, labaru biyu na cikinsa kuwa sun isa misali.

Na farko labarin wani ƙaramin akawun gwamnati ne da ya je kallon wasan kwaikwayo. Atishawa ta kufce masa, ta fantsama a sanƙon wani babban ma'aikaci mai muƙamin janar da ke zaune gabansa. Akawu ya sunkuya ya ba da haƙuri, janar ya nuna ba kome. Da an tsaya nan da magana ta ƙare. Amma zuciyar akawu ta ƙi kwanciya. Da aka yi hutun wasa ya sake ba da haƙuri. Kashegari ya sa kayan aiki ya bi shi ofis, wanshekare ya kuma komawa, har janar ya ƙosa ya daka masa tsawa ya kore shi. Akawu ya ja jiki ya koma gida, ya kwanta ko riga bai tuɓe ba, ya cika.

Lalle wanda ya karanta wannan bai dara ba, a duba lafiyarsa. Mutum ya mutu saboda atishawa! Amma duk wanda ya taɓa tsayawa ƙofar mai iko yana jira a ce ya shigo, yana ta jujjuya abin da zai faɗa, gumi na keto masa, ya san ba atishawa ta kashe akawu ba. Tsoro ne wanda ya girma da shi tun ranar da ya kama aiki. Abin lura kuma, janar ɗin ba mugu ba ne, ba ma shi ne shugaban ofishin akawun ba. Marubucin bai bar wa mai karatu wani azzalumi da zai ɗora wa laifi ya huta ba. Saboda haka dariyar ba ta da wurin sauka sai kan mai yin ta.

A nan dariyar ƙeta ta rabu da wannan. Mai dariyar ƙeta bisa tudu yake tsaye, yana hangen wanda ya faɗi, yana jin shi ya fi ƙarfin irin wannan faɗuwa. Wannan kuwa, mai yin ta ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta, hannunsa na laluben ruwa tun bakinsa bai rufe ba. Ana iya cewa ai wa'azi ma yana kai mutum nan, ba tare da an mai da kowa abin dariya ba. Gaskiya ne, sai dai mai sauraron wa'azi yakan zo da garkuwarsa, kowace magana aka jefo sai ya kare, ya ce da maƙwabcinsa ake. Wanda ke dariya ya riga ya ajiye garkuwa.

Ko da yake haka ne, ba kowane littafin ban dariya ya sami wannan daraja ba. Da yawa izgili ne kawai ga baƙauye da gurgu da matalauci, marubuci da mai karatu su haɗa kai su yi ta yi wa mara galihu ature. Ma'aunin shi ne ko marubuci ya bar wa mutuminsa mutuncinsa. Labari na biyu ya nuna yadda ake yi.

Wani tsoho ne mai keken doki na haya, Yona, ɗansa ya rasu a asibiti cikin makon. Ya fito aiki da dare, ƙanƙara na zuba, ba abin da yake nema sai wanda zai saurare shi. Ya ɗauki wani hafsan soja, ya soma ba shi labari, hafsa ya lumshe ido. Ya ɗauki samari uku masu shewa, suka yi ta zaginsa don keken ba ya sauri, ɗaya har ya make shi a ƙeya, shi kuwa yana 'yar dariya, don ko zagi ya fi masa shiru. Ya koma masauki, wani yaro abokin sana'a ya tashi shan ruwa, Yona ya fara, kafin ya kai ko'ina yaro ya ja bargo ya yi barci. Daga ƙarshe tsoho ya tafi barga wurin goɗiyarsa, ya tambaye ta yadda za ta ji in da ɗan da ta haifa ne ya mutu.

Tsoho yana hira da dabba, ai abin dariya ne, kuma marubucin bai ɓoye haka ba. Bai kuwa ƙara masa ko kalma guda ta neman tausayi ba. Goɗiya tana tauna ciyawa, tana hura numfashi a hannuwan ubangidanta, shi kuma ya kwashe labarin duka ya faɗa mata.